Mota ta buge yayana a kan keke, ana so mu sa hannu a takardar yafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Yayana kafinta ne a Kano, da keke yake zuwa aiki. Kwana tara da suka wuce, bayan sallar magariba, motar wani kamfanin ruwan leda ta buge shi ta baya, ya karye a cinya, keken kuma ya lanƙwashe. An yi masa aiki an sa ƙarfe. Mutanen kamfanin sun kawo naira dubu 150 asibiti, abin da muka kashe kuwa ya ninka haka. Yanzu sun turo dattawa suna roƙon mu je ofishin 'yan sanda mu sa hannu cewa mun yafe, a sakar musu mota. Suna cewa ai kekensa ma ba fitila. Wasu 'yan'uwa na cewa ƙaddara ce, neman diyya rashin tawakkali ne. Yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma ba mu da kuɗin lauya. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannunku da jinya, Allah ya tashi kafaɗarsa, ya sa kaffara ce.

Ɗan'uwa, kada ka sa hannu a takardar nan yanzu, kuma kada ka bari a kai masa ita gadon asibiti ya dangwala. Ban hana ku yafiya ba, ban kuma ce ku ruga kotu ba. Cewa na yi a dakata, don a kwana tara babu wanda ya san girman abin da ake roƙon ku yafe, ko likitan da ya yi aikin ba zai iya rantsuwa a kai ba. Ƙashin cinya shi ne mafi girma da ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma in ya karye a jikin babba yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe, ban da lokacin gashi da koyon taka ƙafa. Wani ya warke sumul. Wani ƙafar ta gajarce ya koma ɗingishi, wani gwiwa ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa, wani wurin aikin ya ɗuri ruwa, wani kuma ƙashin ya ƙi kamawa sai an sake shiga tiyata. Ƙarfen da aka sa ma, akwai waɗanda sai an koma an cire musu bayan shekara ɗaya ko biyu, aiki na biyu ke nan da kuɗinsa. Sannan ka dubi sana'arsa. Da ma'aikacin ofis ne, sai a ce ya dogara sanda ya koma kujerarsa. Kafinta kuwa wuni yake a tsaye, ya durƙusa, ya ciccibi katako, ya hau rufi ya buga kwano. Idan ƙafar nan ta bar masa aibi, abincin mutum bakwai ne ya taɓu, kuma dubu 150 ba za ta kai su ko'ina ba.

Na taɓa karɓar wani bawan Allah, mai faskare, wanda 'yan'uwansa suka karɓi ɗan abin da aka ba su a makon farko suka sa shi ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wata takwas bayan haka aka ce sai an sake aiki, suka koma wurin mai motar, ya zaro musu takarda. Mun yi ta fama kafin a samo wani abu, kuma abin da aka samu bai kai rabin wanda da zai samu ba in da an jira. Tun daga ranar nake nanata wa mutane wannan magana.

Batun tawakkali shi na fi so mu tsaya a kai, domin na lura shi ke karya gwiwar mutanenmu tun kafin su kai ga tambayar me doka ta ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja da ita. Amma Ubangijin da ya ƙaddara haɗarin shi ne ya shar'anta diyya. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, an yi maganar wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ba da gangan ba, aka ce a miƙa diyya ga iyalansa, sai fa in su suka bar ta sadaka. A wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru bin Hazm, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an ƙayyade rai raƙuma 100, hannu 50, ƙafa 50, ido 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Addinin da ya yi wa haƙori guda farashi bai ɗauki neman haƙƙin jiki a matsayin ƙarancin imani ba. Kuma a Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗa ƙarara cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Ka ga ke nan abin da nake gaya maka na jira, malaman Malikiyya sun riga lauyoyi faɗa da ɗaruruwan shekaru. Ni lauya ne, fatawa ta malamai ce, don haka ku zauna da malamin da ya san babin diyya ya yi muku bayani, musamman da yake karaya irin wannan ba ta cikin raunukan da aka yanke wa adadi, ana duba yadda ta warke ne, in ta bar aibi alƙali ya ƙiyasta.

Abin da ayar ta nuna kuma, wanda doka ma ta yarda da shi, shi ne yafiya ta mai haƙƙi ce. Yayanka baligi ne mai hankali, don haka kai ba ka da ikon yafewa a madadinsa, kawu ba shi da shi, mai unguwa ba shi da shi. In ya warke ya san abin da ya rasa, ya ce ya bar wa Allah, wannan sadaka ce mai girma, Allah ya ba shi lada. Amma mutumin da ke kwance cikin zafin ciwo da allurai, ga dattawa sun cika masa ɗaki, kunya ce za ta sa ya ce ya yafe, ba zuciyarsa ba.

Na san abin da ke sa ku jin nauyi. Kuna kallon direban, wataƙila shi ma talaka ne mai iyali, kuna ganin kamar za ku tura shi gidan yari ko ku sa a sayar masa da gida. To a doka ba a kansa kaɗai nauyin yake ba. Direban da ya yi ɓarna yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗaukar alhakin, ko da yana kwance a gida lokacin da abin ya faru. Motar kamfani ce, ruwan kamfani take rabawa, don haka kamfanin ne za a fuskanta tare da direban. Bayan kamfanin kuma akwai inshora. Wata doka da aka yi tun 1945 ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi a Najeriya inshorar da direbobi ke kira tad fati, wadda aka yi ta musamman saboda irin yayanka, wato mutumin da ba ya cikin cinikin amma motar ta cutar da shi. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3, motocin ɗaukar kaya kuma miliyan 5. Ka lura da kyau, wannan adadi na dukiya ne, kamar keken da ya lanƙwashe. Raunin jiki da rasa rai lissafinsu daban ne, ba a ƙarƙashin wannan rufin suke ba, don haka kada wani ya ce maka iyakar abin ke nan. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tilasta wannan inshora a kan tituna, kuma a shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar da ta haɗe tsofaffin dokokin inshora wuri guda.

Masu motoci da yawa a garuruwanmu suna biyan kuɗin nan ne don kawai su nuna takarda a shingen bincike, ba su ma san ana iya karɓar wani abu da ita ba. Wani lokaci in ka tuna wa mai mota cewa yana da inshora, har godiya yake yi maka. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa. Ka ɗauki lambar motar ka shiga shafin askniid.org, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke kula da shi, nan take za ka ga ko inshorar ta gaske ce, da sunan kamfanin da ranar ƙarewarta. In ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin inshorar takarda tun yanzu a sanar da shi haɗarin, a karɓi shaidar cewa ta isa hannunsu, domin doka ta daɗe da sharɗanta cewa sai an sanar da shi kafin shigar da ƙara ko cikin 'yan kwanaki bayan shigarwa, in ba haka ba yana iya zamewa daga biyan abin da kotu ta yanke. In kuwa ta bogi ce, haƙƙinku bai faɗi ba, kamfanin ruwan zai biya daga aljihunsa, ga kuma laifin hawa titi ba inshora. Wasu kan tambaye ni halaccin karɓar kuɗin inshora. Wannan ma a kai wa malamai, amma a kai musu tambayar daidai: yayanka bai ƙulla ciniki da kowa ba, bashi ne ya hau kan wanda ya ji masa ciwo, wani kuma ya tsaya zai biya a madadinsa.

Yanzu ga aikin da ke gabanka kai da kake da ƙafa, kuma na wannan makon ne, don shaida tana gudu. Ka koma wurin da abin ya faru da irin lokacin da ya faru, bayan magariba, ka nemi waɗanda kullum suke wurin: mai shayi, mai faci, mai cajin waya, 'yan adaidaita da ke tsayawa a kwanar. Ka karɓi suna da lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. Ba ka buƙatar su yi alƙawarin zuwa kotu yau, ka dai san inda za ka same su. In akwai gidan mai ko banki ko babban kanti a kusa, ka roƙi a duba kyamara a kwafa maka, domin yawancin na'urorin nan suna shafe tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki ko makonni, kuma kwana tara sun riga sun tafi. Ka ɗauki hoton wurin, ka nuna ko akwai fitilun titi da ke aiki. Wayar da aka ɗauki hotunan da ita a adana ta, kada a sayar, kada a goge, saboda sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta samar da hoto kafin kotu ta karɓe shi. Keken kuma kada a kai wa mai gyara, kada a sayar wa 'yan gwangwan. Keken da ƙafarsa ta baya ta murƙushe shaida ne da ba ya mantuwa kuma ba a saye shi, shi zai nuna ta inda aka bugo.

A ofishin 'yan sanda, sashen da ke kula da haɗurran mota, ka tabbata an rubuta jawabin yayanka da bakinsa, ko da sai ɗan sandan ya bi shi asibiti, kuma a karanta masa da Hausa kafin ya sa hannu. Ka tambaya ko an yi zanen wurin haɗarin, ko jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, sun duba motar, musamman birki da fitilu da tayoyi. In ba a duba ba, ka nemi a duba kafin a sake ta, don motar da ta koma garejin kamfani gobe za ta fito da sabon birki. Ka ɗauki hoton lasin direba, da takardun motar, da takardar inshora, ka nemi kwafin rahoton 'yan sanda. In jami'an kiyaye haɗurra na FRSC ne suka kai shi asibiti, su ma suna da nasu rahoton.

Asibiti kuwa, duk takardar da ta shigo hannunku ku sa ta a leda ɗaya: kati, rasit na tiyata, na ƙarfe, na jini, hoton ƙashi na farko da na bayan aiki, takardar magani. In kun sayi magani a kemis ku ce a rubuta muku rasit, ko da kuwa na naira 500 ne. Ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta kuɗin mota da na abinci da kwanan wata. Dalili shi ne kotunan Najeriya suna da tsauri a kan kuɗin da aka ce an kashe, sai an jera su ɗaya bayan ɗaya an kuma kawo hujjar kowanne, abin da ba hujja ya faɗi ko da gaskiya ne. Kuma ina roƙonku, duk tsadar asibiti, kada a ɗauke shi a kai wa mai ɗori alhali da ƙarfe a jikinsa. Ban raina masu ɗori ba, amma ban da haɗarin da ke ciki ga ƙafar, in ta lalace lauyan kamfani zai ce ba motarsu ce ta lalata ta ba, ku kuka lalata, kuma ba ku da takardar da za ta ƙaryata shi. Ku ci gaba da zuwa ganin likita a kan lokaci. Idan jinya ta yi nisa, ku nemi cikakken rahoto daga babban likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano, wanda zai faɗi irin raunin, da aikin da ya rage, da ko zai iya komawa sana'arsa, da kason naƙasar da ta saura in akwai. A kan wannan rahoto ake gina duk wani lissafi. Wani abu kuma, in ya bugu a ka lokacin faɗuwar, ku sa ido a kan ciwon kai mai naci, amai, yawan barci ko mantuwa, ku gaya wa likita ko da an ce karaya ce kawai.

Maganar fitila da suke yi, kada ta firgita ku, amma kuma kada ku yi ƙarya a kanta. In babu fitila a ce babu. Ƙa'idar hanya ta nemi mai keke ya sa fitila da abin ƙyalli in duhu ya yi, ya kuma bi hannunsa, kuma kotu za ta duba wannan. Sai dai sakacin wanda aka buge ba ya goge haƙƙinsa, rage shi yake yi gwargwadon kasonsa na laifin. A misali, in kotu ta ƙiyasta asararsa naira miliyan 4 ta kuma ce rubu'in laifin nasa ne, zai tashi da miliyan 3. Sannan wanda ya bugi abin da ke gabansa ta baya shi ke da dogon bayani a gaban alƙali: ina fitilun motarsa, da wane gudu yake tafe a cikin gari, me ya hana shi ganin mutum sukutum a kan keke. Kuma su da suka kawo zancen sakaci, su doka ta ɗora wa nauyin tabbatar da shi.

Abin da ake nema ya wuce kuɗin magani, kuma a nan mutanenmu suka fi cutuwa don ba su san da sauran ba. Akwai abin da aka kashe, da abin da za a kashe nan gaba bisa rahoton likita, da kuɗin keke, da abin da ya rasa na sana'a duk watannin da yake kwance, da raguwar ƙarfin nemansa in ƙafar ba ta koma daidai ba. Akwai kuma diyyar azabar ciwo da rasa jin daɗin rayuwa, wadda ba ta buƙatar rasit, alƙali ke ƙiyastawa. Samun kafinta ba shi da takardar albashi, amma yana tabbatuwa: littafin da yake rubuta aiki da kafin alƙalami, saƙonnin banki na kuɗin da ake turo masa, masu ba shi aiki, yaran shagonsa, shugaban ƙungiyar kafintocin unguwarsu. In akwai aikin da ya karɓa ya kasa gamawa har aka mayar da kuɗi, a rubuta shi da sunan mai aikin.

Ka kuma bambance abu biyu da dattawan suka haɗe maka. Tuƙin ganganci laifi ne tsakanin direba da hukuma. Diyya kuwa haƙƙi ne tsakanin yayanka da waɗanda suka ji masa ciwo. Mutum yana iya cewa ba ya son a ɗaure direba, ya kuma riƙe haƙƙinsa na diyya, ba su cin karo. Haɗarin takardar da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda shi ne sau da yawa takan haɗa biyun a jimla ɗaya, a ce an janye ƙara kuma ba za a sake neman komai ba har abada. In ma an gurfanar da direban, kotun da ta same shi da laifin jikkata mutum tana da ikon sa shi biyan diyya, sashe na 78 na kundin dokar laifuka na Final Kod ya ba da wannan dama, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Kano ta 2019, sai dai abin da ake yankewa a nan yawanci kaɗan ne, don ana duba ƙarfin direban ne.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina wannan aiki, sulhu ya fi muku kotu, in dai sulhu ne na ido buɗe. Shari'ar diyya a Babbar Kotun Jiha tana iya cin shekaru, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara, mai jinya kuma yau yake buƙatar kuɗi. Hanyar da na fi bi ita ce lauya ya rubuta wa kamfanin da mai inshorarsa takardar neman haƙƙi, da lissafi da kwafin hujjoji, a ba su wa'adi. Da yawa a nan suke saukowa. A Kano akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotu, wadda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, inda in an daidaita alƙali zai sa hannu yarjejeniyar ta zama hukunci, wanda ya saɓa a bi dukiyarsa. Wannan ya fi alƙawarin baka a zauren mai unguwa nesa ba kusa ba, kodayake ba abin da ya hana mai unguwa da liman su zauna a matsayin shaidu, kasancewarsu ma tana sa mutum jin kunyar saɓawa. In sulhu ya ƙi, sai kotu. Kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan tsakanin Musulmi, amma in da kamfani mai rajista da kamfanin inshora a ciki, Babbar Kotun Jiha ta fi zama daidai, don kada a ɓata shekara ana gardamar hurumi. Kafin a rubuta komai kuma a bincika ainihin sunan kamfanin a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin sunan da ke jikin ledar ruwa ba lallai ne ya zama sunan da za a kai ƙara da shi ba, kuma na ga shari'ar da ta rushe a kan wannan kaɗai.

Rashin kuɗin lauya ba zai tsayar da ku ba. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Ligal Ed, tun 1976 take, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar haɗari a cikin ayyukanta. An yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, kuma mutumin da ke kwance ba ya samun ko sisi yana da hujjar nema. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero tana da ofishin taimakon jama'a kyauta, reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA ma yana da masu aikin sa kai. Ban da waɗannan, ƙa'idar aikinmu ta yarda lauya ya karɓi shari'ar diyya bisa sharaɗin sai an samu a ba shi kaso. In za ku bi wannan hanya, a rubuta kason tun farko, a fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kawo likita ba da shaida, a kuma rubuta cewa lauya ba zai karɓi wani tayi ba sai da yardar yayanka. Ku guji 'yan kamasho da ke yawo a harabar asibiti da ofishin 'yan sanda suna cewa za su karɓo muku kuɗi. Ku je ofishin lauyan da ƙafarku, ku ga hatiminsa na NBA a kan takarda.

Jiran da na ce a yi yana da iyaka. Kowace jiha tana da dokar wa'adin shigar da ƙara, a Abuja da Legas shekara uku ne ga raunin jiki, kuma tambayar farko da za ka yi wa lauyan da kuka samu ita ce ranar da naku wa'adin zai cika, ka rubuta ta a bangon littafin nan. Ga sauran masu karatu, in motar gwamnati ce ta buge mutum, abin ya fi gaggawa sosai, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Wanda kuma ma'aikacin wani kamfani ne aka buge shi a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi ta hannun hukumar NSITF mai kula da wannan diyya, ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, ya shigar da buƙata cikin shekara guda. Yayanka mai zaman kansa ne, wannan ba ta hau kansa ba.

Saura yadda za ku yi da dattawan, don na san ba za ka iya kallon idonsu ka ce a'a ba, kuma bai kamata a watsa musu ƙasa a ido ba. Ku karɓe su da girmamawa, ku gode musu, ku ce ba ku da niyyar ɗaure kowa, ba ku kuma riƙe direba a zuci ba, amma mai haƙƙin yana kwance, likita bai gama magana ba, don haka zancen yafiya sai ya miƙe. Motar ma ba sai kun hana a sake ta ba, ikon sakinta na 'yan sanda ne, kuma ajiye ta ba ya ƙara wa majinyaci komai. Sai dai gaskiya ita ce muddin tana tsare kunnen masu ita a buɗe yake, don haka yanzu ne lokacin da za a nemi su rubuta, da sa hannun mai kamfanin kansa ba direba ko manaja ba, cewa motarsu ce ta yi haɗarin a rana kaza, sun ɗauki nauyin jinya har a sallame shi, za su riƙa ba iyalinsa wani abu duk wata har ya koma aiki, sauran magana kuma sai rahoton likita ya fito. Duk kuɗin da suka kawo ku karɓa, ba laifi, amma a rubuta cewa wani ɓangare ne na kuɗin magani, har da dubu 150 ɗin farko. Duk takardar da ka ga an rubuta cewa wannan shi ne biya na ƙarshe, ko ba za a sake neman komai ba, ka ajiye biro. In da Turanci aka rubuta, a ba ka kwafi ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka a gida, ba a tsaye a gaban kantar 'yan sanda ba. In sun ƙi ba da kwafin, kada ka sa hannu, ka wuce ofishin Ligal Ed da ledar takardunku washegari da safe.

Ka gaishe min da mai jiki. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar da shi kan sana'arsa.